Waiwaye: Yadda aka koyi karanta tarihin tsaunuka a cikin ƙwayoyin ma'adinai

Kuza ce ta fara jawo masana duwatsu zuwa Jos. A 1911 J. D. Falconer, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi binciken ma'adinai a Arewa, ya kasa duwatsun giranit na ƙasar nan gida biyu: sababbi, irin na Jos masu ɗauke da kuza, da tsofaffi. Da yake kuɗin na wajen sababbin, a kansu aka duƙufa. Tsofaffin kuwa, da duwatsun nan masu ratsi-ratsin fari da baƙi da ke kewaye da su, an daɗe ana yi musu kallon shimfiɗa kawai, irinsu ne ma ake fasawa a Abuja a yi tsakuwar kankare. Alhali su ne tushen wasu manyan tsaunuka da ruwa da iska suka cinye tun kafin a samu duwatsun kuzar.

Ba a nan aka fara gano hanyar karanta su ba. A tsaunukan Sikotilan, George Barrow ya lura a 1893 cewa dutsen da asalinsa laka ce yana sauya ma'adinai daki-daki idan mutum ya bi shi da ƙafa, ya kuma cika bayanin a 1912: kulorayit da farko, sai bayotayit, sai ganet, sitorolayit, kayanayit, a ƙarshe silimanayit. Kowanne na nuna zafin da ya ɗara na wanda ya gabace shi. Pentti Eskola na ƙasar Finlan ya ƙara da cewa a dubi rukunin ma'adinan da ke zaune tare, domin su ne ke faɗin zafi da matsin da dutse ya sha. Kayanayit da silimanayit da andalusayit sinadarinsu ɗaya ne sak, amma na farkon sai a matsi mai tsanani, na biyun a zafi mai tsanani, na ukun a wurin da ba zurfi.

Ganet ya fi su duka riƙe labari. Ƙwaya ce ja mai duhu, sau da yawa ba ta kai gyaɗa ba. A yanka dutsen har ya yi siririn da haske ke ratsa shi, a sa a madubin ƙara girma, sai a ga ɗigo-ɗigon wasu ma'adinai a jere a cikinta, waɗanda ta haɗiye tana girma. Wani lokaci jerin ya saɓa da ratsin dutsen da ke waje, alamar an danne dutsen ta wata fuska, daga baya aka sake danne shi ta wata. Wani lokaci kuma jerin a murɗe yake, kamar curin fura da aka mirgina cikin gari yana ɗauka. A nan fa masana suka yi ta ja-in-ja tun daga shekarun 1980: wasu na cewa ƙwayar ce ta juya, wasu, irin su Tim Bell na Ostireliya, na cewa tana tsaye, dutsen ne ya yi ta sauya fuska a kewayenta. A ganina gardamar ta yi amfani, don ta tilasta wa kowa yanka dutse ta fuskoki da yawa kafin ya buɗe baki.

Da na'urar auna sinadari a ɗigo guda ta yaɗu a shekarun 1960, sai aka ga tsakiyar ganet ta fi yawan manganis, yana raguwa zuwa baki. Yadda sinadarin ƙarfe da na magnisiyam suka rabu tsakanin ganet da bayotayit kuma ya zama ma'aunin zafi. Daga tsakiya zuwa baki ana iya bin sawun dutse, nutsewarsa da tasowarsa.

Saura sanin lokaci. A 1964 W. Q. Kennedy ya lura shekarun da ake samu daga duwatsun sassan Afirka da dama na taruwa wajen miliyan 500, ya kira abin Pan-Afirka. Shi a lokacin zafi da motsin ƙasa ya ɗauke shi. Da ilimin motsin farantan ƙasa ya kafu, sai aka fahimci karo ne aka yi kusan shekara miliyan 600 da suka wuce, tsakanin tsohon doron Afirka ta Yamma da yankin da Najeriya ke ciki, a wani layi da ya taso daga Hoggar na Aljeriya ya dangana da arewa maso gabashin Burazil, wadda a lokacin take manne da Afirka. Shaida mai ƙarfi ta zo a 1994, da Renaud Caby ya ba da rahoton samun ma'adinin kowisayit a arewacin Mali. A irin wannan dutse ba ya samuwa sai a zurfin da ya kai kilomita 90 ko fiye, wato dutsen ya nutse can ya dawo. Shekara 10 kafin nan Christian Chopin ya same shi a cikin ganet a tsaunukan Alps na Italiya.

Zarkon kuma, wani ma'adini da ake auna shekarun dutse da shi, ya nuna cewa karon bai shafe abin da ya gabace shi ba. A Kaduna an auna ƙwayoyinsa a wani rikiɗaɗɗen dutse aka samu sama da shekara biliyan 3.5, cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma.

Abin da ba a gama warwarewa ba shi ne zirin duwatsun nan masu ɓarewa falle-falle na Maru, Anka, Zuru da Birnin Gwari: kwari ɗaya ne aka yayyaga, ko gutsattsarin ƙasashe ne daban-daban da karon ya manne wuri guda? Amsar ta shafi masu neman ma'adinai kai tsaye, domin zinariyar Zamfara da ta Birnin Gwari tana cikin jijiyoyin farin dutse da suka bi tsagogin da ƙarshen wannan karo ya bari.