Waiwaye: Randar ruwan makarantar Surana

A watan Agustan 2022 wani yaro ɗan shekara tara ya rasu a asibiti a birnin Ahmedabad, makonni uku bayan dukan da ake zargin malaminsa ya yi masa a wata makarantar kuɗi ta ƙauyen Surana, gundumar Jalore, jihar Rajasthan ta Indiya. Iyayensa sun ce laifinsa shan ruwa daga randar malamin. Wasu a makarantar sun musanta zancen randar, amma an kama malamin. Yaron ɗan Meghwal ne, cikin rukunin Dalit, waɗanda a da ko taɓa su ƙazanta ce a idon manya.

Me ya sa ruwa? Domin a ƙasa mai fari irin Rajasthan, a bakin rijiya ake sanin matsayin kowa. Mutum yana gadon jati ɗinsa, wato rukuninsa, tare da sana'a da unguwa da inda zai ɗebi ruwa. A tsarin gargajiya Rajput ke da sarauta da ƙasa, Jat da noma, Gujjar da kiwo, Meghwal kuwa saƙa da jima, gidajensu can gefen gari. Da makaranta ta zo, sai ta tarar da wannan tsari, ta zauna a kansa. Ambedkar ma, jagoran tsara kundin mulkin Indiya, yana yaro a Maharashtra ba a bari ya taɓa abin shan ruwan makaranta; masinja ne ke tsiyaya masa daga sama, ranar da bai zo ba kuwa sai ƙishirwa.

Dokoki dai ba a rasa su ba. Sashe na 17 na kundin 1950 ya haramta ƙyamar taɓawa, a 1952 Rajasthan ta fara karɓe filayen masu jagir (filayen da sarakuna suka ba hakimansu), a 1989 aka yi dokar hukunta cin zarafin Dalit da ƙabilu, a 2009 aka wajabta ilimi kyauta daga shekara 6 zuwa 14.

Abin da ya fi taɓa ƙauye, a ganina, abinci ne. Daga Rajasthan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta PUCL ta kai ƙarar gwamnati a 2001, lokacin fari, rumbunan gwamnati cike mutane na yunwa. Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana, daga baya ta ce a fifita Dalit wajen ɗaukar masu girki. Yara suka ƙaru a aji, sai dai wani rikicin ya ɓullo: wa zai zauna kusa da wa, kuma ɗan wa zai ci tuwon hannun wa? An sha samun iyaye suna hana 'ya'yansu ci.

Ƙidayar 2011 ta nuna Dalit sun kai kashi 17.8 cikin ɗari na mutanen jihar, ƙabilu irin Bhil da Meena kashi 13.5. Jalore ce ta ƙarshe a iya karatu, kusan kashi 55, matanta ba su kai kashi 40 ba. Littafin ƙidaya zai faɗa maka yawan Dalit na kowane ƙauye, amma Rajput nawa ne, Jat nawa, shiru. Rabon da a fitar da cikakken lissafin jati tun 1931, zamanin Turawa. A Afrilun 2025 gwamnatin Firayim Minista Modi ta ce ƙidaya mai zuwa za ta tambayi kowa nasa.