Takin zamani ko na gida? Amsa ga masu lambu

Wai da gaske takin zamani yana kashe ƙasa?

Buhu ɗaya ba ya kashe ta. Shekara da shekaru ana zuba yuriya, wani nau'in takin zamani, ba a haɗa da ko kwandon kashin shanu ba, shi ke sa ƙasa ta yi tsami, ta daina riƙe ruwa.

Wanda shuka ba ta ci ba, ina yake zuwa?

Ban-ruwa ya wanke shi, ya bi magudana, wani ya nutse har rijiyar da kuke sha.

Maganin ƙwari kuma, in na ƙara yawan feshi fa?

Na gaji da wannan tambaya. A 2016 tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, alhali ana ta feshi. Ita tana ɓoye a cikin ganye, maganin kuwa ya faɗa kan ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin ta. Kuma don Allah a daina wanke tankin feshi a bakin kogi, yara na wanka a ƙasa.

To bana in watsar da na zamani gaba ɗaya?

Ya danganta, kada ka yi gaggawa. In gonarka ta saba da buhu, ka yanke mata lokaci guda, amfanin bana zai iya raguwa, domin yuriya kashi 46 cikin 100 sinadarin naitirojin ce, takin dabbobi kuwa a hankali yake sakin nasa. Sai ka duba kuma: kana da dabbobi, ko saye za ka yi har da kuɗin mota? Ni dai shawarata, ware 'yan kwamai ka gwada. Zuba ruɓaɓɓen taki, wanda ya yi baƙi ya daina wari, makonni kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake. Sauran gonar ka rage buhu, ka riƙa binne shi kusa da saiwa maimakon watsawa. Jiƙon 'ya'yan darbejiya yana rage ƙwari, amma in sun riga sun yi yawa, ba lallai ya ishe ka ba.  Kwantar da hankalinka, ba a shekara guda ake ganin canji ba.

Takin bola ai na gida ne, ko?

Da batir da leda a ciki? Tace shi tukuna.

Ban zuba komai ba, ruwan kwata kawai nake ba latas.

Wannan ya fi muni. Ruwan Getsi da Jakara a Kano ɗauke yake da dattin gari da na masana'antun Bompai, kuma latas ɗanye ake ci.