Tarkwa Bay

Tarkwa Bay wani bakin teku ne da ke yamma da mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, yana fuskantar Victoria Island daga tsallaken ruwa. Babu titin mota da ya kai can, sai dai a shiga jirgin ruwa, shi ya sa mutanen gari ke ɗaukarsa tsibiri. An san shi da ruwa mai sanyin hali da kuma sauƙin kuɗi, domin ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa ya yini, har ya kwana a tanti. Masu shirya hutun yoga, wani salon motsa jiki da natsuwa, ma sukan kai jama'arsu can.

Yadda wurin ya samu

Kwanciyar ruwan Tarkwa Bay aikin hannun mutum ce. A da, tudun yashi ne ke toshe bakin mashigar Legas, manyan jirage su tsaya can cikin teku, ƙanana su riƙa sauke musu kaya. Wajen shekarar 1908 gwamnatin mulkin mallaka ta fara jibge manyan duwatsu domin gina katangu masu miƙewa cikin teku, kuma a 1914 manyan jirage suka fara shigowa ciki. Tarkwa Bay yana kwance ne a lungun da katangun ɓangaren yamma suka kare, don haka igiyar Atlantika ba ta isowa da cikakken ƙarfinta.

Katangun sun yi gyara, sun kuma yi ɓarna. Yashin gaɓar Afirka ta Yamma yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas. Da aka datse masa hanya sai ya taru a yamma, gabas kuwa ta rasa mai ciko, teku ya yi ta cin Bar Beach, gaɓar Victoria Island, shekara da shekaru. A kan wannan gaɓar da ruwa ya cinye aka cike yashi ake gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, kuma wanda ya tsaya a Tarkwa Bay yana hango dogayen benayensa.

Hanyar zuwa

Ana hawa jirgi daga tashar CMS a Marina, ko daga tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi. Duka biyun ba su da nisa da Obalende, inda Hausawa suke da yawa. Mutanen Agege, Idi-Araba da Mile 12 kuwa sai sun yi sammako saboda cunkoso. Tafiyar ruwan ba ta cika wuce minti 20 ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sa rigar kariya, kuma ba a yarda da tafiyar dare ba.

Wanda bai taɓa hawa ruwa ba zai ji a jikinsa lokacin da jirgin ya shiga mashigar. Ƙaton jirgin kwantena mai zuwa Apapa zai gifta kamar unguwa guda tana tafiya, igiyar da ya bari ta ɗaga ƙaramin jirgin ta sauke, ruwan gishiri ya fantsamo a fuska, wani dattijo a baya ya ɗauki salati. Daga nan sai yashi.

Zaman sauƙin kuɗi

Abin da ke cin kuɗi shi ne kuɗin jirgi, kuɗin shiga, da hayar rumfa ko kujera. Duk ana ciniki, kuma farashi yana tashi ranakun Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwan Disamba. Masu dabara sukan haɗu su da yawa su raba kuɗin rumfa ɗaya, su zo da ruwan sha da abincinsu, su kuma zaɓi tsakiyar mako. A bakin ruwan ana samun gasasshen kifi da ɗanyar kwakwa. Mai kwakwa zai sare kanta da adda sau uku ko huɗu, ka shanye ruwan, ya tsaga ta biyu, ya fere maka ɗan ɓawo ka kankare naman da shi.

Lokaci mafi daɗi shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. A watannin Yuni da Yuli ruwan sama yana da yawa, teku kuma yana fushi. Salla ba ta da wahala a nan, tunda ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla tana arewa maso gabas.

Da ƙafa ake zagaya wurin. A bayan katangar yamma akwai Lighthouse Beach, mai sunan tsohuwar hasumiyar fitilar jirage ta zamanin Turawa. Can teku ne buɗaɗɗe, ruwansa yana jan mutum ciki, bai kamata baƙo ya shiga ba ko da ya iya iyo a rafin garinsu. Kusa da katanga kuma za ka ga yaran wurin suna hawan igiyar ruwa a kan allo, gwanaye ƙwarai.

Yoga a bakin ruwa

Yoga ta samo asali ne daga Indiya. Ta ƙunshi miƙe gaɓoɓi, sarrafa numfashi da natsuwar zuciya. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. Wuraren da suka yi suna da hutun yoga su ne tsibirin Bali a Indonesiya da Goa a Indiya, amma kuɗin jirgin sama kaɗai ya isa ya hana yawancin 'yan Najeriya. A Tarkwa Bay tabarma ce kawai da sanyin safiya, kafin rana ta gasa yashi.

Musulmi yana da abin dubawa. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana yogar da ta haɗa da wuridin addinin Hindu, majalisar malaman Indonesiya ma ta yi makamancin haka a 2009, tana mai barin abin da motsa jiki ne zalla. Saboda haka yana da kyau mutum ya tambayi mai koyarwa tun farko: akwai wuridi? Akwai salon da ake gaida rana da shi? Maza da mata a haɗe ne?

Korar 2020

Tarkwa Bay ba wurin hutu kaɗai ba ne, gida ne ga masunta, direbobin jirage da masu ƙananan sana'o'i. Ranar 21 ga Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin, bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta yankin daga ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. Ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da matakin. Laifin 'yan kaɗan aka ɗora wa al'umma guda, mata da yara suka tsallako Marina da katifu da tukwane a cikin kwalekwale, ba tare da an tanadar musu wurin zama ba. Daga baya masu yawon shaƙatawa sun ci gaba da zuwa, rumfuna sun sake tashi a kan yashin.