Uwa ce kuma tana son rubutu: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Matan Yamai da na Tawa, tambayoyinku iri ɗaya ne. Ga amsa a wuri guda, a bar kirana da tsakar dare.

Mai goyo za ta iya rubuta littafi?

Ƙwarai. Mariama Bâ ta Senegal ƴaƴa tara ta haifa. Littafinta na farko ya fito a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980.

Son a san sunana ba girman kai ba ne ga mace?

Wa ya faɗa maki? Namiji in ya nemi suna, sai a ce yana da zuciyar yi. Ke kuma a ce idonki ya buɗe. Nana Asma'u ƴar Shehu Ɗan Fodiyo tana ɗakin aurenta ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ki daina ba mutane haƙuri a kan burinki.

Ban yi nisa a lekol ba.

Marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano tana ƙarama aka aurar da ita, a ajin yaƙi da jahilci ta ƙarasa koyo. Sai wata hujjar.

Maigida bai san ina rubutu ba. In faɗa masa, ko in ɓoye sunana?

To, nan ba ni da amsa guda, don gida gida ne. A ganina gara ya ji daga bakinki kafin ƙanwarsa ta tsinci labarin a WhatsApp ta kai wa uwar miji, domin sau da yawa ba rubutun ke ɓata wa namiji rai ba, a ce shi ne na ƙarshen sani. Amma ki duba halinsa. In mai saurin hannu ne, ko kin san zai iya ƙwace salular, ban ce ki je yau ba. Ki fara ajiye kwafi wurin ƴar'uwar da kika amince da ita. An yi marubuciyar da mijinta ya ƙone mata littafinta na farko, Buchi Emecheta ta Najeriya, don haka ba tsoron banza kike ba.

Sunan aro yana rufa asiri, ba laifi, sai dai ranar da za a biya kuɗi ko a sa hannu a takarda, sunan gaskiya ake nema. Kuma don Allah kar ki ɗauko kishiyarki da tsaginta da unguwarsu ki sa a labari, ki ce ƙage ne. Za a gane. Wani mijin in ya ga littafi a hannu sai ya sauko har ya yi alfahari, wani ko a jikinsa. Ke kika san naki.

Da Hausa ko da Faransanci?

Da harshen da kike yi wa yara faɗa. Gidan ɗab'i na Gashingo a nan Yamai na buga littattafai cikin harsunan ƙasa, gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa kuwa ta mata ce zalla tun 2016.

Akwai kuɗi?

Kaɗan. Kar ki saki sana'arki, kar kuma ki zuba adashenki duka a ɗab'i.

Anti, za ki duba mani labarina?

Ki gama shi tukuna.