Sinadaran SIK da neman maganin ciwon sukari

SIK suna ne na wasu sinadarai uku da ƙwayoyin jiki ke ƙerawa, SIK1, SIK2 da SIK3, waɗanda aikinsu shi ne liƙa fosfat a kan wasu furotin domin kunna su ko kashe su. An gano na farkon a shekarar 1999 a Japan, cikin ƙullun da ke saman ƙodar ɓerayen da aka ciyar da abinci mai yawan gishiri, shi ya sa ake ce musu sinadaran da gishiri ke tayarwa. Sunan yana iya ruɗa mai karatu, domin gishirin Bilma da ake sayarwa a kasuwar Tawa ba shi ne tushen maganar ba.

Inda aka fi fahimtar aikinsu shi ne hanta. Bayan cin abinci, SIK suna tsare wani furotin mai suna CRTC2 a wajen cibiyar ƙwayar halitta, sai hanta ta rage ƙera sukari. Idan kuwa mutum ya wuni da azumi, sinadarin gulukagon, wanda jiki ke fitarwa idan sukarin jini ya ragu, yakan danne SIK, CRTC2 ya shiga ciki ya haɗu da wani furotin mai suna CREB da ke kunna aikin ƙera sukari, hanta ta soma zuba sukari cikin jini. A jikin mai ciwon sukari nau'i na 2 wannan ƙerawar ba ta tsayawa yadda ya kamata, wanda ke cikin dalilan da suka sa majinyaci a Yamai kan tsaga yatsa da asuba, bai ci komai ba, ya tarar awon sukarinsa ya hau. Maganin metformin da likitoci suka fi rubutawa shi ma a hanta yake rage wannan aiki.

Wahalar neman maganin ciwon sukari ta hanyar SIK ita ce kowace gaɓa da nata hali. A hanta ƙarfafa SIK ake bukata, domin a gwajin da aka buga a 2014 sinadarin HG-9-91-01 mai toshe su ya ƙara yawan sukarin da ƙwayoyin hanta ke fitarwa. A tsoka kuwa, cire SIK1 ya gyara yadda jiki ke amsa wa insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, a ɓeraye masu ƙiba. SIK2 ya fi yawa a kitse, kuma an ga yana raguwa a jikin mutane masu ƙiba.

Ɗaya daga cikin magungunan toshe SIK da suka kai ga gwaji a kan mutane, GLPG3970 na kamfanin Galapagos, an nufe shi ne da cututtukan kumburi na fata, hanji da gaɓoɓi.