Waiwaye: Kadpoly da garin da aka gina ta dominsa

Wanda ya fito daga babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, da ke Tudun Wada, ba zai yi nisa ba zai fara jin ƙarar guduma. Tsohuwar Panteka ke nan. Can cikin katanga ana koyar da injiniyanci a kan allo, nan kuma ƙarƙashin rumfunan kwano ana narka tsohon alminiyam ana zuba tukwane, ana yanka ƙarfe ana haɗa injin niƙa da na ɓarzar masara. Maƙwabtan nan biyu sun daɗe suna zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Dalilin da ya sa yanzu suka fara gaisawa yana cikin tarihin garin kansa: yawan mutanen da suka cika shi, da irin aikin da ya rage musu.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Zariya ko Kano. Turawa ne suka yanki fili a ƙasar Gbagyi, kusa da inda layin dogo ya tsallaka kogi, suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Waɗanda suka fara cika garin kuwa soja ne, da akawu, da leburorin jirgin ƙasa, da masu dafa musu abinci. Wato tun ran gini, Kaduna garin albashi ne. Ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar kasuwar fatake, abin da ke kawo mutum shi ne jin cewa ana ɗaukar aiki.

A 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha da daga baya ta zama Kadpoly. Shekara ɗaya bayan nan, a 1957, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Kusancin shekarun nan biyu ba katari ba ne. Gwamnatin Sardauna tana da audugar da ake nomawa daga Funtuwa zuwa Gusau, tana da niyyar cike ofisoshi da ma'aikatu da 'yan Arewa, amma ba ta da masu auna fili, masu zanen gini, masu haɗa wuta da masu kula da inji. Makarantar ita ce za ta samar da su. Sai masaƙu suka yi ta biyo baya: Nortex, sannan United Nigerian Textiles ta 'yan Hong Kong a 1964, da Arewa Textiles ta Japanawa a 1965. A 1964 ɗin ne kuma aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da makarantar horar da hafsoshin soja. Ƙidayar 1963 ta nuna garin na da mutum kimanin 150,000.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun ƙara wa makarantar koyon fasahar nauyi. Ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas da ke riƙe da layin dogo, gidan waya da garejoji sun bar gari, guraben da suka bari kuma sai an cike su. A 1968 aka ɗaga darajarta ta zama babbar kwalejin fasaha, jihohin da suka fito daga tsohuwar Jihar Arewa suka ci gaba da riƙe ta tare. Shi ya sa Kadpoly ba ta taɓa zama ta 'yan Kaduna kaɗai ba. Ɗalibi daga Ilori, Makurɗi, Yola ko Sakkwato yana ganin yana da haƙƙi a cikinta, kuma da yawansu idan sun gama ba sa komawa gida, domin aikin yana bakin ƙofa.

Shekarun kuɗin man fetur su ne ganiyar abin. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, gwamnatoci kuma suka riƙa sayen 504 kamar ana rabawa. A 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, aka ajiye hedikwatarta a Kaduna. A 1978 ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafu, ita ma a nan ta zauna. Daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakataren ƙungiyar. A 1980 aka ƙaddamar da matatar mai wadda aka gina don tace ganga 100,000 a rana.

Tsofaffin mazauna Kakuri da Makera da Nasarawa har yau da jiniya suke ba da labarin lokacin. Masaƙu suna aiki dare da rana, ma'aikata kashi uku, wasu na fita wasu na shiga. Da jiniya ta yi kuka, titi ya cika da kekuna, masu koko da ƙosai sun riga sun jera, mai shayi ya hura wuta, mai bashi kuma ya tsaya a bakin get idan wata ya ƙare. Albashin ma'aikaci ɗaya yana ratsa hannun mai gidan haya, tela, mai nama da malamin makarantar allo kafin ya kai ƙauye. Kadpoly tana da sashen koyar da fasahar saƙa, ɗalibansa kuwa a masaƙun suke zuwa sanin makamar aiki, galibi kuma inda mutum ya yi horon nan ake riƙe shi. A wancan zamani babbar difloma takardar shiga ce, ba ta ajiyewa a ƙasan akwati ba.

Rushewar ba ta zo a rana ɗaya ba, kuma ba ta da uba ɗaya, ko da yake kowa yana da wanda ya fi so ya ɗora wa. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 ta sa kuɗin waje ya yi wuya, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka gagara. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta karye, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Manomi ya rasa tabbacin iri da na farashi, da yawa suka koma masara da waken soya. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, masaƙu suka dogara da janareto da baƙin mai. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka sake hanawa daga baya, 'yan fasa-ƙwauri sun riga sun gane hanya: atamfar China ta sauka Kwatano, ta bi ta Maraɗi, ta shigo ta Jibiya, ta kwana a Kantin Kwari, a farashin da babu masaƙar Kakuri da za ta iya karawa da shi. Akwai kuma laifin cikin gida, wanda ba a cika son ambatonsa ba: injuna sun tsufa ba a sauya ba, kamfanin da yake mallakar jihohi da yawa kuwa ya zama kamar akuyar gayya, kowa ya tatsa, babu mai ba ta dusa.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta biyo bayanta, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. Dubban ma'aikata suka koma gida, waɗansu suka shekara goma da ɗoriya suna bin garatuti, waɗansu suka rasu ba su karɓa ba. An sayar da hannun jarin gwamnati a Peugeot a 2006, bashi ya kai kamfanin hannun AMCON, hukumar da ke karɓe basussukan da bankuna suka kasa karɓowa. Matatar mai ta koma wurin da ake biyan albashi ba a tace komai. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa, amma jiniyar ba ta dawo ba.

Ɓangaren gwamnati ma ya tsuke. Ƙirƙiro jihohi a 1967 ya raba ma'aikatan Jihar Arewa gida shida, aka cire Katsina a 1987, sannan a Disambar 1991 fadar gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, tafiyar awa biyu da 'yan kai. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta karɓi Kadpoly. Daga nan idon ɗalibi ya bar Kakuri ya koma hanyar Abuja.

Abin mamakin shi ne, aiki ya tafi amma mutane ba su daina zuwa ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kaduna mutum kusan miliyan 4, ta 2006 ta ba ta sama da miliyan 6. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Birnin kansa ko a ƙiyasin da ya fi kowanne tsuke hannu ya wuce miliyan ɗaya, kuma wanda ya san Rigasa shekara talatin da suka wuce ba ya buƙatar wani ya karanto masa alƙaluma. Haihuwa ta yi nata, ci-rani ya yi nasa, a 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru zuwa gefen gari. Da can mutum yana zuwa Kaduna ne domin akwai abin da ke kiransa. Yanzu da yawa suna zuwa ne domin akwai abin da ke korarsu.

Sai rabuwar gari. Rikicin shari'a na 2000, na gasar sarauniyar kyau a 2002, da na bayan zaɓen 2011 sun sa kogi ya zama iyaka: Musulmi suka tattaru a Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Rigachikun, Kirista suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi da Gonin Gora. Ana yawan maganar wannan ta fuskar addini da siyasa, ba a cika duba abin da ya yi wa neman abinci ba. Masaƙa ce wurin da Bahaushe, Bajju, Tibi da Ibira suke tsayawa gaban inji ɗaya, su shiga ƙungiya ɗaya, su yi yajin aiki tare. Da ta rufe, neman aiki ya koma ta hanyar unguwa, masallaci, coci da ɗan'uwa. Kadpoly, da harabobinta a Tudun Wada, Unguwar Rimi da Barnawa, tana cikin 'yan wuraren da har yanzu matashi ke tsallaka gada kullum safiya ba don dole ta asibiti ko kotu ba.

To me waɗannan mutane suke yi? Alƙaluman hukuma ba sa taimakawa sosai. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni, ta riƙa lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya dawo kashi 4.1 a farkon 2023. Duka biyun suna da gaskiyarsu. Kusan babu wanda yake zaune hannu rabbana, amma mai albashi ya yi ƙaranci. Ana tuƙa Keke, ana zama da na'urar POS ƙarƙashin lema, ana gyaran waya, ɗinki, haɗa sola, dakon kaya a tashar jirgin Rigasa da aka buɗe a 2016, koyarwa a makarantun kuɗi kan albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Kamfanin Olam ya buɗe katafariyar ma'aikatar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun a 2017, amma masana'antar zamani inji take ci, ba ta ɗaukar mutane kamar masaƙa. A shekarar ce gwamnatin El-Rufai ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, ta nemi sababbi 25,000, masu difloma da digiri suka yi cincirindo.

Wani maƙwabcinmu ya yi shekara goma sha tara a wata masaƙa, ya fito da takardar sallama da alƙawarin da ba a cika ba. Da kuɗin acaɓa ya kai ɗansa Kadpoly ya karanta injiniyancin inji. Yaron ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana yawo da fayil. Wata rana uban ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tsohon abokinsa mai walda a Panteka.

"Malam, ga ɗanka nan. Yana da takarda, hannu ne babu."

"To Alhaji, ya ajiye takardar a gida tukuna. Gobe ya zo da tsofaffin kaya."

Yau shi ke zana wa shagon injunan da suke ƙerawa, shi ke lissafin kaurin ƙarfe da ƙarfin mota, ogan nasa kuma yana alfahari da shi a gaban masu saye. Amma da ana tambayar uban me ɗansa yake yi, sai ya ce yana nan yana jiran aiki.

Wannan jiran yana da tushe. Tsarin aikin gwamnati ya daɗe yana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma, Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021 amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, saboda haka ɗalibai da yawa suna shiga kwalejin fasaha ne bayan jami'a ta gagara, kuma sun fi cika sassan mulki, akanta da aikin jarida fiye da ɗakunan injuna. Makarantar da aka kafa don ta ciyar da masana'antu sai ta wayi gari tana yaye masu neman kujerar ofis, a garin da ofisoshinsa suka ƙaura.

A zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar kwalejin, kafin ya koma shugabancin NBTE a 2021, aka fara tsallaka titin da gaske. Kwalejin ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar Panteka, ana auna ƙwarewar maƙeri ko mai walda a kan aikin hannunsa, a ba shi shaidar ƙwarewa ta ƙasa ko da bai taɓa zama a aji ba. Hukumar kuma ta matsa wa kwalejojin fasaha cewa ɗalibi ya fita da wata sana'ar hannu tare da diflomarsa. A ganina wannan ya zo a makare da shekara ashirin, kuma bai taɓa manyan matsalolin Panteka ba, wato wuta, jari da tsadar ƙarfe. Mai walda da ya karɓi shaidarsa ya rataye ta a bango, har yanzu sai ya sayi man janareto kafin ya kunna injinsa, kuma yaran shagonsa goma sha biyu babu ko ɗaya da sunansa yake cikin wani littafin albashi.