Wai me ake nufi da "dayalog"?

Kwanakin nan duk hirar da aka yi da 'yan fim a rediyo sai ka ji an ce "wane ya iya dayalog". TikTok ma cike yake da gutsattsarin finafinan Kannywood da fassarar na Indiya, an lakaba musu "dayalog mai zafi". Da ka saurara sai ka tarar saurayi ne ya shafe minti uku yana zuba wa budurwa kalamai, ko wani alhaji yana jero karin magana ba numfashi. Wannan jawabi ne, ba dayalog ba, kuma rikita su da ake yi yana damuna ƙwarai.

Asalin kalmar Girkanci ne, "dialogos". Na sha jin ana cewa "di" biyu ne, wai hirar mutum biyu. Kuskure ne. "Dia" ne, wato ratsawa, "logos" kuwa magana. Zancen da ke ratsawa tsakanin mutane ke nan, ko su biyu ne ko su biyar, kuma sau da yawa abin da ya ratsa ɗin ba ya cikin kalmomin da aka furta.

Bahaushe ya san wannan tun kafin a fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Dubi uwa da ɗanta na fari. Alkunya ta hana ta ambaton sunansa, balle ta ce tana ƙaunarsa. A ce zai tafi Legas neman kuɗi, ta rako shi zaure. Marubuci mai gaggawa zai sa ta ce, "Ɗana, rayuwata ba za ta yi daɗi ba in ba ka." Wace uwa ce a Kano ko Damagaram ke magana haka? Cewa za ta yi:

"Kai, ka ɗauki ƙullin yajin nan?"

"Na ɗauka, Inna."

"To. Allah ya tsare."

Sai ta koma ciki, ta zauna tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Tsoro da ƙauna da ɓacin ran tafiyar da ba ta so, duk suna cikin ƙullin yajin nan. Habaicin kishiyoyi da gugar zana ma haka suke aiki.

A fim, nauyin ya koma kan jarumar da ta fito a Inna. Ta san inda za ta ja numfashi kafin ta ce "to", ta danne hawayen, ta ƙi kallon yaron. Shi kuma darakta ya daure, kada ya danna kiɗan tausayi a kan shirun Inna.